Zaɓen Linux na Farko: Daga Duba Kwamfutarka Har Zuwa Ɗora Shi

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Shi kuwa Windows 11 ba kowace kwamfuta yake karɓa ba, sai mai TPM 2.0, wato wani ɗan guntun kayan tsaro da ke cikin na'urar, kuma in furosesarta ta Intel ce, sai daga zubi na takwas zuwa sama. Da yawa daga cikin laftof 'yan Beljiyam da ke hannun ɗalibai da ma'aikata, irin su HP EliteBook 840 G3 da ThinkPad T460 da Dell Latitude E7470, zubi na shida ne. Lafiyarsu ƙalau, suna da sauran shekaru a gaba, an dai rufe musu ƙofa ne kawai. Wannan ne ya sa mutanen da a da ko kallon Linux ba sa yi suka fara tambaya a kansa. Tambayar farko kuma ita ce mai rikita mutum: wanne zan ɗauka, tunda sunayen sun haura ɗari?

Amsata a taƙaice ita ce Linux Mint. Amma kada ka garzaya ka sauke shi tukuna, domin akwai mutanen da bai dace da su ba, akwai ma waɗanda Linux ɗin gaba ɗaya bai dace da su ba a yanzu.

Me ake zaɓa ne ma?

Ainihin abin da ake kira Linux shi ne ginshiƙin da ke tsakanin ƙarfen kwamfuta da manhajojin da kake buɗewa. Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, aka haɗa shi da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya faro tun 1983. Lasisinsa ya yarda kowa ya karanta yadda aka rubuta shi, ya gyara, ya rarraba. Wayar Android da ke aljihunka ma a kan wannan ginshiƙi take tafiya.

Saboda wannan 'yanci, ƙungiyoyi da kamfanoni suke ɗaukar ginshiƙin su haɗa masa fuska da manhajoji da hanyar sabuntawa, kowa ya sa wa nasa suna. Shi ake kira distiro. Shinkafar ɗaya ce, kowace mai abinci da irin dahuwarta. Kuma in ka bi salsala za ka ga gidajen ba su da yawa. Debian ya fito a 1993. A kansa Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya gina Ubuntu a 2004. A kan Ubuntu kuma Clément Lefèbvre ya gina Linux Mint a 2006, haka ma Zorin OS da Lubuntu da Xubuntu duk daga Ubuntu suka fito. Fedora gida ne daban, wanda kamfanin Red Hat ke ɗaukar nauyinsa. Arch shi ma gidansa daban. Akwai buɗaɗɗun tsare-tsare da ba Linux ba, kamar FreeBSD, amma ba nan sabon shiga zai fara ba.

Mataki na farko: rubuta aikin da kake yi da kwamfutar

Ɗauki takarda ka jera duk manhajar da ka buɗe cikin wata guda da ya wuce. Wannan jerin ne zai yanke hukunci, ba abin da wani ya yaba a bidiyo ba.

In aikinka shiga intanet ne, da rubuta takardu, da kallon bidiyo, da Zoom, da Telegram, da WhatsApp ta burauza, to babu abin da za ka rasa. Firefox da Chrome da VLC duk suna nan. Mai koyon rubuta manhaja kuwa riba ma zai ci, domin Python da Git da VS Code a Linux suke kamar a gidansu.

Inda gizo ke saƙar shi ne Microsoft Office da Photoshop da CorelDRAW da AutoCAD. Babu ko ɗaya cikinsu da kamfaninsa ke yi wa Linux a yanzu. Akwai madadi: LibreOffice ko OnlyOffice a gurbin Office, GIMP a gurbin Photoshop, Inkscape a gurbin CorelDRAW, Kdenlive don yanka bidiyo. LibreOffice yana buɗe fayilolin Word da Excel yana kuma adana su, kuma ga yawancin takardu ba za ka ga bambanci ba. Sai dai takarda mai tebura da yawa da hotuna a tsakiyar rubutu takan ɗan goce. Amma mai shagon buga katin biki da fosta, wanda abincinsa ke cikin CorelDRAW kuma kwastomomi ke kawo masa fayilolinsa kullum, shawarata ya bar kwamfutar shago yadda take. In yana sha'awa ya gwada a wata daban. Za a ce maka akwai Wine da ke kunna manhajojin Windows a Linux. Gaskiya ne, wasu yana kunna su da kyau, wasu rabi da rabi, kuma ba abin da za a jingina sana'a a kansa ba ne.

Mataki na biyu: san ƙarfin na'urarka

A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance. A nan za ka ga sunan furosesa, da yawan RAM, da irin rumbun ajiyar, ko SSD ne ko tsohon mai juyawa. Rubuta su.

Masu Linux Mint sun ce mafi ƙaranci RAM gigabait 2 da fili gigabait 20, amma sun fi son gigabait 4 da fili gigabait 100. A aikace, in kana da gigabait 8 ko fiye, ɗauki duk fuskar da ta burge ka. In 4 ne, Mint mai fuskar Cinnamon zai yi, amma mai fuskar Xfce ya fi barin wa burauza wurin numfashi. In 2 ne, nemi distiro mara nauyi kamar Lubuntu ko antiX, ka kuma sani cewa shafukan intanet na yau ne za su cinye RAM ɗin, ba tsarin ba. Tsofaffin kwamfutoci masu 32-bit kuwa Ubuntu da Mint sun daina yi musu, sai irin su antiX.

Abu ɗaya da zan ƙara a nan: in rumbunka mai juyawa ne, sauya shi da SSD zai ƙara wa kwamfutar sauri fiye da duk wani distiro da za ka zaɓa. Kuma akwai wata fa'ida, ka cire tsohon rumbun da Windows ɗinsa da fayilolinka ka adana a durowa, ka ɗora Linux a sabon. In abin bai yi maka ba, ka mayar da tsohon, shi ke nan.

Mataki na uku: zaɓen kansa

Abu biyu ne suka bambanta distiro ga mai farawa, fuska da yanayin sabuntawa.

Fuska ita ce abin da idonka ke gani: inda menu yake, yadda tagogi ke buɗewa. Cinnamon da KDE Plasma da Xfce sun yi kama da Windows, menu a ƙasa ta hagu, agogo ta dama. GNOME, wanda Ubuntu da Fedora ke zuwa da shi, tsarinsa daban ne, sai an ɗan saba.

Sabuntawa ita ce ta fi muhimmanci, musamman ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa. Ubuntu na fitar da zubi mai dogon tallafi, wato LTS, a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, kuma yana kula da shi shekara 5. Mint a kan irin wannan zubin yake ginuwa. Jerin Mint 22 yana kan Ubuntu 24.04, tallafinsa kuma har 2029. Ma'ana ka ɗora sau ɗaya, ka riƙa karɓar gyare-gyaren tsaro, babu wani babban sauyi da zai zo maka ba shiri. Fedora kuwa kusan duk wata shida yake fitar da sabo, kowanne kuma tallafinsa kamar wata 13 ne, don haka dole ka riƙa hawa sabon zubi a kai a kai. Arch ba ya ma da zubi, kullum cikin sabuntawa yake, kuma yana sa ran mai shi ya iya karanta bayani ya gyara abin da ya karye. Dukansu nagartattu ne. Ba na farko ba ne kawai.

To me ya sa Mint a kan Ubuntu? Fayil ɗin saukewarsa kusan gigabait 3 ne, na Ubuntu 24.04 kuwa ya kusa 6. Fuskarsa ba ta buƙatar koyo ga wanda ya taso da Windows. Yana zuwa da ƙananan kayan aiki da ke rage wa sabon shiga wahala, kamar Driver Manager da Update Manager da Timeshift. Sannan tunda jinin Ubuntu ne, kusan duk bayanin gyara da aka rubuta don Ubuntu yana yi masa aiki. Wanda makarantarsa ko wurin aikinsa ke amfani da Ubuntu, ya ɗauki Ubuntu LTS kai tsaye, babu asara. Wanda kyan gani ya fi damunsa ya leƙa Zorin OS.

Sai maganar Kali Linux, wanda samari da yawa ke fara ɗorawa don sun ga ana kiransa na masu kutse. An yi shi ne don ƙwararrun masu gwajin tsaron na'urori, kuma su kansu masu shi sun rubuta cewa ba su ba da shawarar wanda bai san Linux ba ya fara da shi. In fannin tsaro kake son koya, ɗora Mint ko Ubuntu a matsayin gida, ka kunna Kali a cikin VirtualBox, manhajar da ke kunna wani tsarin a cikin naka, lokacin darasi.

Mataki na huɗu: saukewa da shirya filashi

Daga shafin distiron na asali kaɗai za ka sauke fayil ɗin ISO, wato fayil guda da ke ɗauke da tsarin gaba ɗaya. In layinka na yawan katsewa, yi amfani da hanyar torrent da suke bayarwa a shafin, domin tana ci gaba daga inda ta tsaya, tana kuma tantance kowane yanki. In akwai wanda ya riga ya sauke, karɓa a wurinsa halal ne, lasisin ya yarda. Ko ta wace hanya ya zo, tantance shi: buɗe PowerShell a Windows ka rubuta Get-FileHash sannan sunan fayil ɗin, zai fito da doguwar lambar SHA256, ka gwada ta da wadda ke shafinsu. In harafi ɗaya ya saɓa, fayil ɗin ya lalace ko an taɓa shi. Mutane kan tsallake wannan, sai ɗorawa ta tsaya a tsakiya su ɗora wa Linux laifi.

Nemi filashi mai gigabait 8, ka kwashe abin da ke ciki domin za a goge shi. Kwafa ISO a kai kawai ba ya aiki, sai an rubuta shi da Rufus ko balenaEtcher. Akwai kuma Ventoy, wanda na fi so ga mai shakka: ka girka shi a filashi sau ɗaya, daga nan sai ka riƙa jefa fayilolin ISO iri-iri a ciki, in ka kunna ya tambaye ka wanne za ka shiga.

Mataki na biyar: gwaji ba tare da taɓa komai ba

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne daraja, kuma shi aka fi yi wa gaggawa. Linux na iya tashi daga filashi ya yi aiki cikakke ba tare da ya rubuta komai a rumbunka ba. In ka kashe ka zare filashin, Windows ɗinka na nan yadda ka bar shi.

Soka filashin, kunna kwamfutar, ka yi ta danna maɓallin zaɓen wurin tashi tun kafin tambarin Windows ya bayyana. A HP yawanci Esc ne sannan F9, a Dell da Lenovo F12. Zaɓi filashin. Zai ɗan yi nauyi fiye da yadda zai kasance bayan ɗorawa, kada wannan ya dame ka.

Da ka shiga, kada ka tsaya kallon hoton bango. Haɗa Wi-Fi ka buɗe shafi. Kunna bidiyo ka ji sauti ta lasifika, ka soka abin kunne ka ji ko ya koma can. Gwada kyamara da makirfo. Danna maɓallan ƙara haske da rage shi. Rufe murfin laftof ɗin, jira kaɗan, ka buɗe ka ga ko ta farka. Haɗa Bluetooth. Soka firintarka ka buga shafi ɗaya. Yawancin firintocin HP kan yi aiki ba tare da neman komai ba, wasu kamfanonin kuwa sai ka sauke direbansu, wato manhajar da ke sa na'urar aiki da kwamfuta. Sannan ɗauko takardar Word mafi rikitarwa da kake da ita, ka buɗe ta a LibreOffice ka bi ta shafi-shafi.

In Wi-Fi bai bayyana ba sam, galibi katin na Broadcom ne, wanda direbansa ba buɗaɗɗe ba ne. Ba ƙarshen magana ba ke nan. Haɗa wayarka ta Android da kebul, kunna USB tethering, kwamfutar za ta samu intanet nan take, sai ka buɗe Driver Manager ya nemo direban. Haka ma mai katin hoto na NVIDIA, a nan zai samu nasa bayan ɗorawa. In kuwa ka gwada Mint abu ya ƙi, gwada Fedora ko sabon Ubuntu daga filashin. Kwamfuta sabuwa fil wani lokaci tana buƙatar ginshiƙi mafi sabunta.

Mataki na shida: ɗorawa

Kafin komai, kwashe hotuna da takardu da duk abin da ba ka son rasawa zuwa wani rumbu na waje, ka buɗe wasu daga ciki ka tabbatar sun kwafu. Ka tuna da kalmomin sirri da burauza ta adana maka. Sannan ka cika batir. In batirin ya mutu kuma kwamfutar sai da wuta take aiki, kada ka fara sai kana kan inbata ko janareta, domin ɗaukewar wuta lokacin da ake raba rumbu na iya tafiya da Windows da Linux ɗin baki ɗaya.

Yanzu sai ka yanke shawara: ka goge Windows, ko su zauna tare. Ga mai kwamfuta ɗaya tilo, zama tare ya fi kwanciyar hankali a farko, in dai rumbun ya kai gigabait 256. Amma sai ka yi shiri uku a cikin Windows. Kashe Fast Startup a Power Options, domin yana barin rumbun a kulle ta yadda Linux ba zai iya rubutu a ɓangaren Windows ba. In BitLocker, makullin rumbu na Windows, na kunne, nemo lambar buɗe shi daga asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda, ka kuma kashe shi kafin ɗorawa. Sannan shiga Disk Management ka rage girman C ka bar fili, gigabait 60 zuwa 100.

Tashi daga filashi, danna Install Linux Mint. Zai tambaye ka harshe da kibod. Mutanen Nijar masu kibod ɗin Faransanci su zaɓi French. Sa alama a akwatin multimedia codecs don bidiyo da sauti su yi aiki. In ya nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri ta Secure Boot, rubuta ta a takarda. Bayan sake kunnawa wani shuɗin allo zai fito, ka zaɓi Enroll MOK ka shigar da ita. Daga nan sai allon da ya kamata ka karanta sau biyu. Install alongside Windows yana nufin zama tare. Erase disk yana goge komai da komai. Something else na waɗanda suka san raba rumbu da hannu ne, bar shi. In mai ɗorawar ya ce bai ga rumbu ba ko ya ambaci Intel RST, dakata ka nemi wanda ya sani, domin sauya wannan saiti zuwa AHCI ba tare da shiri ba na hana Windows tashi.

Zaɓi Lagos ko Niamey ko Accra a taswira, sa suna da kalmar sirri. Wannan kalmar za ka riƙa bugawa duk lokacin da za ka girka wani abu, don haka ta zama wadda za ka iya tunawa. In ya gama zai ce ka zare filashi ka danna Enter.

Makon farko

Fara da Update Manager. Sabuntawar farko ita ce mafi nauyi, tana iya cin ɗaruruwan megabait, don haka yi ta inda data ke da sauƙi. A Mint, bisa saitin asali, sai ka danna kafin ya sabunta, ba ya yi maka a ɓoye. Kunna Timeshift ya ɗauki hoton tsarin, ta yadda in wani abu ya lalace za ka koma jiya. Ka lura, tsarin yake adanawa, ba takardunka ba. Kunna Firewall daga menu.

Manhajoji kuma daga Software Manager ake ɗaukarsu, ba a yawo shafi-shafi ana neman fayil ɗin exe. A nan akwai tarko ga mai ƙaramar data: manhaja ɗaya kan bayyana sau biyu, ɗaya System Package, ɗaya Flatpak. Na Flatpak yakan fi sabunta, amma na farkon da za ka girka yana janyo manyan kayan tallafi da za su iya kusantar gigabait guda. Duba girman da aka rubuta kafin ka danna.

Ɗalibin da aka ce ya rubuta furojet da Times New Roman ya girka ttf-mscorefonts-installer, zai samu wannan rubutun da Arial. In zai kai bugu shago, ya fitar da takardar a PDF, babu abin da zai goce. Mai rubutun Hausa kuma ya shiga saitin Keyboard ya ƙara Hausa (Nigeria) ko Hausa (Ghana), domin ɗ da ƙ da ɓ su samu ba tare da girka komai ba. Kibod ɗin Larabci ma yana cikin jerin.

In kana zaune da tsarin biyu a Najeriya ko Nijar, za ka ga agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya duk lokacin da ka fito daga Linux. Dalili shi ne Linux na ajiye agogon na'ura a kan lokacin UTC, Windows kuma yana ɗaukarsa lokacin gida, mu kuma muna gaba da UTC da awa ɗaya. Buɗe Terminal, tagar rubuta umarni a Linux, ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, ka gyara agogon Windows sau ɗaya, an wuce wurin. Ka kuma sani Linux na karanta ɓangaren Windows, amma Windows ba ya ganin na Linux, saboda haka fayilolin da kake buƙata a duka biyun ka ajiye su a ɓangaren Windows.

Game da Terminal, ba dole ba ne a harkar yau da kullum, amma za ka ci karo da umarni a bayanan gyara. Duk umarnin da ya fara da sudo yana da ikon taɓa ko'ina a tsarin, don haka kada ka liƙa wanda ba ka fahimci aikinsa ba, kuma ka duba ko an rubuta bayanin ne don zubin da kake kai. In za ka nemi taimako, rubuta inxi -Fxz ka kwafi abin da ya fito. Yana nuna duk kayan cikin kwamfutar, harafin z kuma yana ɓoye bayanan sirri irin su lambar na'ura. Da wannan da ainihin saƙon kuskuren, mai taimako zai gane matsalar cikin sauri.

Bayan mako biyu ko uku za ka ji sha'awar gwada wani distiro, domin wani zai nuna maka nasa ya fi kyau. Jefa shi a filashin Ventoy ka kalla daga can, ka bar wanda ke rumbu ya yi wata uku ko huɗu tukuna. Yawancin abin da ke burge mutum a wani distiro fuska ce ko jigon launi, kuma ana iya sauya su a inda kake. Idan sabon zubi na Mint ya fito, tsarin da kansa zai sanar da kai; ɗauki hoton Timeshift, kwafi takardunka waje, sannan ka hau.